Giram nawa na kabohaidiret zan ci a rana? Matakan da na bi kafin na samu adadin da ya dace da jikina

Abin ya faro ne daga wani gwajin lafiya da aka yi mana a wurin aiki, inda aka huda mini yatsa da safe kafin in karya kumallo, na'urar auna sukarin jini ta nuna 112. Ma'aikaciyar jinyar ta ce mini wannan bai kai ciwon sukari ba, domin sai ya kai 126 kuma an maimaita gwajin an tabbatar, amma ya haura 99 da ake ɗauka a matsayin iyakar mai lafiya, don haka in rage sitaci da kayan zaƙi. Na tambaye ta in rage zuwa nawa, ta ce in rage dai gwargwadon iyawata, ta kira wanda ke bayana. Wannan tambaya ta "zuwa nawa" ita ce ta ɗauke ni kusan wata biyar kafin na samu amsarta, kuma da na san jerin matakan da ya kamata in bi tun daga ranar farko, da ban sha wahalar da na sha a makonni biyun farko ba.

Da daddare na shiga intanet ina neman adadin, sai na fito a ruɗe fiye da yadda na shiga. Wani ya ce giram 20 a rana, wani ya ce 50, wani 100, wani kuma ya ce muddin ba ka kai 130 ba kana kan hanya, kowannensu yana magana da tabbaci kamar shi kaɗai ya sani. Abin da na fahimta a daren shi ne kabohaidiret suna ne da ya haɗa sitaci da sukari da harzar da ke cikin tsirrai, kuma sitaci da sukari duka jiki yana mayar da su gulukos su shiga jini, shi ya sa burodin da ba shi da zaƙi a baki yake iya ɗaga sukarin jini sosai. Na kuma karanta cewa tsarin giram 20 ya yi suna ne ta hannun likitan Amurka Robert Atkins, kuma tsarin kito mai tsanani, wato na cin kitse da yawa da kabohaidiret ƙalilan, an fara amfani da shi ne a 1921 don kula da masu farfaɗiya. Maimakon wannan ya sa in yi hattara, sai na ɗauka cewa mafi ƙanƙantar adadi shi ne mafi inganci, na zaɓi 20, na fara washegari ba tare da na nemi shawarar kowa ba.

Kwana uku na farko sun zo da sauƙi, domin ƙwai da kifi da nama da kabeji suna ƙosarwa. A rana ta huɗu ciwon kai ya fara, irin wanda ke danne goshi tun daga hantsi har yamma, sannan kasala ta biyo baya, bayan gida ya yi tauri, kuma sau biyu murɗewar tsokar sharaɓa ta tashe ni cikin dare. Sikeli kuwa yana ta faranta mini rai, domin cikin mako guda na sauka daga kilo 94 zuwa 91, sai na riƙa gaya wa kaina cewa wahalar alamar nasara ce. A rana ta goma sha ɗaya na tashi daga kujera da sauri zan hau bene, sai idanuna suka yi duhu, na kama ƙarfen matakala da hannu biyu na durƙusa har jirin ya wuce. Ina shan maganin hawan jini shekara uku ke nan, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa sauya abinci yana da alaƙa da shi. Mai ɗakina ce ta dage cewa lallai in ga likita a makon.

Na isa asibiti da ƙarfe bakwai da rabi, na biya kuɗin ganin likita, aka ciro fayil ɗina, aka auna hawan jini da nauyi, sannan na zauna jira kusan awa uku. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne na tafi da kwalin maganina da takardar gwajin wurin aiki, domin su ne abu na farko da likita ya nema. Da na gama bayani ya dubi kwalin, ya dubi awon jinin da aka rubuta, wanda ya yi ƙasa fiye da yadda na saba, ya ce: "Malam, maganin nan naka yana sa fitsari, yana fitar da gishiri da ruwa daga jiki. Abincin da ka koma ma haka yake yi. Ka haɗa biyun a lokaci guda, dole ka ga jiri." Ya bayyana mini cewa idan kabohaidiret ya ragu sosai, insulin, wato sinadarin jiki da ke saukar da sukarin jini, yana sauka, ƙoda kuma sai ta riƙa sakin gishiri da yawa, ruwa ya bi shi. Ya ƙara da abin da ya sanyaya mini gwiwa, wato yawancin kilo ukun da nake murna da su ruwa ne, saboda jiki yana ajiye gulukos a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kusan giram 100 a hanta da kusan 400 a tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Idan ajiyar ta ƙare, ruwan ya tafi, sikeli ya sauka, alhali kitsen yana nan kusan yadda yake.

Na tambaye shi: "To Likita, giram nawa zan ci?" Ya ce ba zai ba ni adadi ba sai ya ga sakamakon gwaji, amma daga yau in daina giram 20, in mayar da ɗan sitaci a kowane cin abinci. Ya rubuta mini gwaji huɗu: sukarin jini kafin cin abinci, gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin jini na 'yan watanni, gwajin aikin ƙoda, da na kitsen jini. Ya kuma ja mini kunne da wata magana da nake ganin ta fi duk sauran muhimmanci ga wanda zai karanta wannan. Ya ce ni nawa ya zo da sauƙi, domin wanda ke yin allurar insulin ko yake shan magunguna irin su gliclazide da glibenclamide, idan ya yanke kabohaidiret farat ɗaya ba a rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 har ya suma. Masu shan irin su empagliflozin da dapagliflozin kuma suna cikin haɗarin taruwar kiton, wato sinadarin da hanta ke yi daga kitse, a jini har ya zama guba, ko da sukarinsu bai hau sosai ba. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda da mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, duk bai kamata su shiga irin wannan tsari da kansu ba.

A ɗakin gwaji na yi asarar rana guda, domin ba wanda ya gaya mini in zo ban ci komai ba, sai na je washegari bayan na karya kumallo, na bi layi fiye da awa guda, da na iso gaba aka ce in koma gida in dawo gobe. HbA1c ba ya buƙatar a zo da yunwa, amma gwajin sukarin safe yana buƙatar aƙalla awa takwas ba a ci komai ba sai ruwa, kuma sun fi so a ɗebi jinin gaba ɗaya. A cikin huɗun HbA1c ne ya fi tsada nesa ba kusa ba, har na yi tunanin in bar shi, kuma da na bar shi da na yi babban kuskure. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: ƙoda lafiya lau, kitsen jini ya ɗan haura, sukarin safe 98, HbA1c kuma 6.2. Na yi farin ciki da 98 ɗin, amma likita ya ce in dubi ɗayan, domin sukarin safe yana nuna halin ranar ne kawai, shi kuwa HbA1c yana nuna matsakaicin wata biyu zuwa uku, tunda jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kusan kwana 120. Daga 5.7 zuwa 6.4 mataki ne na gab da ciwon sukari, daga 6.5 kuma ciwon ya tabbata. Ya tambaye ni ko ina da ƙarancin jini ko sikila, saboda suna iya karkatar da wannan gwaji, na ce babu. Ya sauya mini maganin hawan jini, ya rubuta mini takardar turawa zuwa ga masaniyar abinci.

Sai da na jira mako uku kafin na samu ganinta, kuma a lokacin na ji haushin jiran, amma ma'aikacin da ya rubuta mini ranar ya ba ni aikin da ya cike makonnin. Ya ce in rubuta duk abin da na ci na tsawon kwana bakwai, da lokacinsa da yawansa, sannan a wani shafi dabam in rubuta yadda nake ci a da kafin duk wannan ya faro. Na sayi ƙaramin sikelin girki da littafi, na fara aunawa. A nan na fara ganin abin da ido ba ya gani: shinkafar da nake zubawa a faranti ina kiranta "daidai ciki" ta kai giram 300 a dafe.

Ganina da masaniyar abincin ya ɗauki kusan minti hamsin, kuma shi ne zama mafi amfani a duk wannan tafiya. Ta fara da tsohon tsarina, ta ɗauki biro tana lissafi a gefen shafin. Shayin safe da ƙaramin cokali uku na sukari giram 12 ke nan, domin kowane cokali 4 ne. Yanka huɗu na burodi sun haura 50. Shinkafar rana 84, tunda giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana da kusan 28. Gwangwanin lemo mai gas kusan 35, taliyar dare kusan 70, ayaba guda kusan 27, ga shayi na biyu da biskit. Jimillar ta wuce giram 300 a rana. Ta ajiye biron ta ce: "Malam, ka sauko daga 300 zuwa 20 a dare ɗaya. Da rabi kawai ka rage, da jikinka ya ga canji babba ba tare da ka durƙusa a matakala ba." Ban taɓa tunanin cewa tambayar farko ita ce nawa nake ci yanzu ba, duk hankalina yana kan inda zan sauka, ban san daga inda na taso ba.

Daga nan ta warware mini lambobin da suka ruɗa ni. Kowane giram na kabohaidiret yana ba da kalori 4, haka furotin, shi kuwa kitse 9. Shawarar gama-gari ita ce kashi 45 zuwa 65 cikin 100 na kalorin mutum su fito daga kabohaidiret, wato ga mai cin kalori 2,000 a rana giram 225 zuwa 325. Adadin 130 kuma masana a Amurka ne suka fitar da shi a 2002, bisa ƙiyasin gulukos ɗin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi a rana, shi ya sa masu bincike da yawa suke kiran duk abin da ke ƙasa da 130, ko ƙasa da kashi 26 cikin 100, ƙarancin kabohaidiret. Daga 20 zuwa 50 shi ne mataki mai tsanani, inda hanta ke sarrafa kitse ya zama kiton jiki ya koma amfani da shi. Ashe waɗanda na karanta a daren farko duk suna da gaskiyarsu, kowa matakinsa dabam yake bayani bai faɗa ba. Na tambaye ta ko ƙwaƙwalwa za ta cutu idan na yi ƙasa da 130, ta ce a'a, domin hanta tana iya ƙera gulukos daga furotin da wani ɓangare na kitse. Ta kuma ce Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka a rahotonta na 2019 ta amince cewa rage kabohaidiret yana da hujja mai ƙarfi wajen daidaita sukarin jini, amma ba ta tsayar da adadi ɗaya ga kowa ba, ta bar shi ga yanayin mutum da maganinsa da abin da zai iya dawwama a kai.

Da ta duba lissafin da na yi na kwana bakwai, ta gano kurakurai uku. Na farko, wata rana na yi amfani da adadin ɗanyar shinkafa, wata rana na dafaffiya, alhali ɗanyar tana da kusan giram 80 a kowane 100, domin ruwan girki ne ke ninka nauyinta. Na biyu, ina karanta adadin da ke jikin kwali ba tare da na lura cewa na ɗan kaso guda ne ba, ni kuwa ina cin kaso biyu ko uku. Na uku ya shafi harza. Masu lissafin tsantsar kabohaidiret suna cire harza daga jimilla, tunda jiki ba ya narkar da ita ta zama sukari. To amma kayan da aka rubuta bisa tsarin Amurka sun haɗa harza a cikin jimillar, na Ingila da Tarayyar Turai kuwa sun riga sun ware ta a layinta, ni kuma ina cirewa a duka biyun, na riƙa rage wa kaina lissafi. Ta ce tunda ba kito nake yi ba, in riƙa ɗaukar adadin kamar yadda aka rubuta shi, in huta da cire-cire. Ta kuma nuna mini cewa ruwan lemon kwali da aka rubuta ba a ƙara masa sukari ba yana da kusan giram 10 a kowace mililita 100, kusan daidai da lemo mai gas.

Mun tsaya a kan giram 120 a rana a matsayin mafari: 30 da safe, 40 da rana, 35 da dare, 15 a tsakani. Ta dage kan rarrabawar, domin cin 100 a zama ɗaya da cin sa a zama uku ba daidai suke ga jini ba. Ta ce lemo da sukarin shayi su fara tafiya, sannan giram ɗin da suka rage in kashe su a kan wake, ganye, 'ya'yan itace ɗungurungum da hatsin da ba a cire masa dusa ba, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, kuma rashin harzar ne ya taurara mini bayan gida. Rabin faranti ganye, kwata furotin, kwata sitaci. Ta ba ni shawarar in sayi na'urar auna sukari, in auna kafin cin abinci da kuma awa biyu bayan lomar farko, ina neman ƙasa da 140. Na'urar ba ta da tsada sosai, tsinkayen gwajinta ne ke cin kuɗi, don haka muka tsara in auna abinci ɗaya a rana ina jujjuyawa. Wanda na'urarsa ke nuna ƙananan lambobi kamar 6.2 ko 7.8, ma'auninta ne dabam, sai ya ninka da 18 ya samu irin nawa.

Makonni shida da suka biyo baya su ne suka ba ni amsar da na nema tun farko. Giram 40 na kabohaidiret daga farar shinkafa ya kai ni 158, giram 40 daga wake da ganye ya tsaya a 124. Yanka biyu na burodi da safe sun fi ɗaga mini sukari fiye da irinsu da rana, sai na mayar da karin kumallo ƙwai da madara marar sukari da tuffa. Shinkafar da ta ba ni 158, da na rage ta zuwa giram 100 a dafe, na fara da ganye da kifi, sannan na yi tafiyar minti goma sha biyar bayan ci, sai ta ba ni 131. A hankali jimillata ta sauka da kanta zuwa tsakanin 95 da 105. Na gwada 70 na mako guda, lambobin ba su ƙara kyau da wani abin kirki ba, amma yunwar dare ta dawo, na fara tunanin biskit, sai na koma 100. Kuɗin cefane ya ƙaru, wannan gaskiya ce, domin furotin ya fi sitaci tsada, kuma ƙwai da wake da gyaɗa ne suka sauƙaƙa mini.

Bayan wata uku cif na koma ɗakin gwaji, wannan karon da yunwata da tsohuwar takardata a hannu. HbA1c ya sauka zuwa 5.8, nauyi ya koma kilo 88, kuma hawan jini ya daidaita. Mummunan kolestirol kuwa, wato nau'in kitsen jini mai cutarwa, bai sauka ba, ya ma ɗan ƙaru, kuma da masaniyar ta duba littafina ta ga na cike gurbin sitaci da nama mai kitse da man shanu, sai ta ce in karkata zuwa kifi, man zaitun, gyaɗa da fiya. Likita ya ce 5.8 har yanzu yana cikin matakin gab da ciwo, kada in saki jiki. Ya ambaci babban binciken rigakafin ciwon sukari da aka wallafa a Amurka a 2002, inda waɗanda aka ɗora kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako suka rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Kashi 7 na kilo 94 kusan kilo shida da rabi ne, saura kaɗan in kai.

Da zan sake farawa, da likita zan fara, da kwalayen magunguna a hannu, kafin in taɓa abinci, kuma zan tambaya tun a ofishinsa wane gwaji ne ke buƙatar a zo ba a ci komai ba. Zan yi HbA1c da gwajin ƙoda da na kitsen jini kafin canjin, domin in samu abin kwatantawa daga baya. Zan rubuta abincina na mako guda yadda yake, ba tare da gyara ba, in san daga inda na taso, sannan in sauko a hankali zuwa tsakanin 100 da 130, in tsaya a nan makonni ina aunawa kafin in yi tunanin ƙara ragewa. A ganina matakin 20 zuwa 50 yana da masu amfana da shi, amma wurin farawa ne mai haɗari ga wanda ke shan magani kuma ba shi da mai duba shi. Giram 100 ɗin da na tsaya a kai nawa ne, ya fito daga shekaruna da nauyina da aikina na zama. Mai aikin ƙarfi ko mai yawan motsa jiki zai iya buƙatar fiye da haka sosai, kuma ni kaina masaniyar ta ce idan na ƙara motsa jiki za mu sake duba shi. An ba ni ranar maimaita HbA1c da gwajin kitsen jini nan da wata shida, kuma an ce in zo da littafin.